Ɗana zai bar jami'a saboda ƙwallon kwando, mene ne abin yi?

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Hayin Banki, Kaduna. Ɗana yana aji biyu a jami'a. Allah ya ba shi tsawo da iya ƙwallon kwando, in an yi hutu a Dandalin Murtala yake wuni. Yanzu wani dillalin 'yan wasa ya ce zai samo masa kulob a ƙasar waje, amma sai ya ajiye karatu, mu kuma mu haɗa kuɗin biza da na jirgi. Yaron ya kafe, mahaifiyarsa ko barcin kirki ba ta yi. Ina neman shawara.

AMSA: Kada ka fara da faɗa. Yaron da ya taso a garin da ya fitar da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro a ƙwallon ƙafa ba za a ce masa wasa ba sana'a ba ce ya yarda. Sana'a ce, kuma ana arziki da ita. Abin dubawa shi ne ko akwai wani abu a hannu da ya kai a saki karatu dominsa.

Wannan ɗabi'a ta barin jami'a tun ba a gama ba daga Amurka ta samo asali, kuma 'yan Nijeriya biyu sun isa misali. Hakeem Olajuwon ya bar Jami'ar Houston a 1984, saura masa shekara ɗaya. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA a wannan shekara, ya kuma ci kofi a 1994 da 1995. Yinka Dare, wanda aka haifa a Kano a 1972, ya bar Jami'ar George Washington bayan ya buga mata shekara biyu kacal. Kulob ɗin New Jersey Nets ya ɗauke shi a matsayi na 14 a 1994. A shekararsa ta farko wasa ɗaya ya buga, ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Shekara huɗu ya yi a gasar, daga nan ya koma ƙananan gasanni, ya rasu a 2004 yana da shekara 31. Masana da yawa na ganin da ya ƙara zama a jami'a ya goge, da wasansa ya fi haka nuna.

Ka lura da abu ɗaya, Malam: dukansu biyu ba su fita kan alkawarin baka ba. Sun fita ne kulob-kulob na rububinsu. A NBA kulob 30 ne, kuma kusan mutum 60 ake ɗauka a shekara daga duk duniya. Waɗanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen ne kaɗai ke da tabbacin albashi kai tsaye. Ko manyan da suka fita da wuri ba su raina takarda ba. Michael Jordan ya koma ya kammala digirinsa a 1986, Shaquille O'Neal a 2000, Stephen Curry a 2022.

A nan gida lamarin ya fi tsauri. Muna da kulob masu tarihi irin su Kano Pillars, amma rikicin shugabancin da ya ɓarke a Hukumar Ƙwallon Kwando ta Nijeriya a 2017 ya sa gasar ƙasa ta yi ta tsayawa tana tashi. Wanda ya bar aji don gasar da ba ta da tabbataccen lokaci ya saki reshe ya kama ganye. Sannan hanyar da ta fi kai yaranmu waje ta makaranta take bi. Jami'o'in Amurka ba sa ba ɗan wasa tallafin karatu sai sun ga sakamakon jarabawarsa, kuma karɓar albashi a kulob yana iya kawo masa cikas a wajensu. A Zariya ma, filin Jami'ar Ahmadu Bello ne ya daɗe yana raino 'yan wasa a hannun koci Oliver Johnson, kuma a garin ne Masai Ujiri ya koyi wasan. Ujiri bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Ƙafa da gwiwa suna gajiya da wuri, kai ne ke daɗewa yana ciyar da mutum.

Ga abin da za ka yi. Da farko, ka zaunar da dillalin, ka ce ya kawo takardar gayyata daga kulob ɗin, mai ɗauke da sunansa da adireshinsa. Ku tuntuɓi kulob ɗin da kanku, ba ta lambar da shi ya ba ku ba. Ka tambaye shi lasisinsa, domin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tana ba dillalai lasisi, kuma ana iya duba sunayensu a shafinta na intanet. Duk ɗan wasan da zai koma wata ƙasa sai da takardar sallama daga hukumar ƙasarsa, in kuma bai kai shekara 18 ba, sharuɗɗan sun fi tsanani. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki. Wanda ya ce ku sayar da fili ko ku ci bashi, ku ne kasuwarsa, ba yaron ba.

Na biyu, in kwantiragi ya zo, kada a sa hannu sai lauya ya karanta. A duba shekara nawa ne, nawa ne albashin, wa zai biya magani in ya ji rauni, kuma wa zai dawo da shi gida in an sallame shi. Gwaji na mako biyu ba kwantiragi ba ne, ana iya yin sa a lokacin hutu.

Na uku, ka nemi koci biyu waɗanda ba su da ko sisi a cikin cinikin, su faɗa muku gaskiyar matsayin yaron. Gwanin unguwa daban, gwanin ƙasa daban. In bai fi kowa ba a gasar jami'o'i ta NUGA, ba a kai ga maganar waje ba tukuna.

Na huɗu, in komai ya tabbata kuma tayin ya kai, kada ya ɓace daga makaranta haka kawai. Ya rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashensa, ya jira amincewa a rubuce, ya karɓi sakamakon zangunan da ya yi ya adana. Wanda ya daina zuwa ba izini korarre ne, wanda ya jingine kuwa gurbinsa na nan na wani lokaci. In tafiyar ta yi tsawo, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda ke da cibiya a nan Kaduna.

Ka kira yaron ku zauna da mahaifiyarsa, ka nuna masa ba wasan kake ƙi ba. Ku yi yarjejeniya: ya ci gaba da atisaye da karatu tare, kai kuma ka taimaka da takalmi da kuɗin mota. Ranar da kwantiragi na gaskiya ya zo a rubuce, kai da kanka za ka raka shi. Kafin wannan rana, Malam, kada ka ba kowa ko kwabo, kuma kada yaron ya bar aji. Allah ya yi masa zaɓi mafi alheri.