Mene ne melamin, kuma me ya sa bai kamata sosonsa ya taɓa sikirin ɗin wayarka ba?

Idan kana yawan kallon bidiyoyin goge-goge a TikTok ko YouTube, da wuya ba ka ci karo da wani farin soso ba, wanda da ruwa kawai ake jiƙa shi ya cire tabon da sabulu ya kasa. Wasu har wayoyinsu suke gogewa da shi. Da melamin ake yin wannan soso, kuma shi ne dai ake yin farantan nan masu sheƙi da ba sa saurin fashewa. Yau za mu ga ko mene ne shi, da amfaninsa, da kuma inda yake ɓarna.

Mene ne melamin?

Asalinsa farin gari ne da ya ƙunshi kabon da haidurojin da naitirojin, ana rubuta shi C3H6N6. Kusan kashi 66 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya fara haɗa shi a 1834. A yau daga yuriya masana'antu suke sarrafa shi, wato takin nan da manoma ke zuba wa masara.

Garin shi kaɗai ba roba ba ne. Sai an haɗa shi da sinadarin fomaldehaid, an matse shi a mazubi da zafi, sannan ya zama roba mai tauri. Robar gorar ruwa kamar kyandir take, tana narkewa ta sake daskarewa. Shi kuwa melamin kamar dafaffen ƙwai ne, da zarar ya yi tauri ba ya sake komawa ruwa. Shi ya sa yake jure zafi, ba ya saurin kama wuta, kuma lantarki ba ya bi ta cikinsa.

Ina ake amfani da shi?

- Faranti da kofi da cokali, musamman na yara da na gidajen abinci.
- Fatar da ake manna wa katako, irin su Formica, wadda kafintoci ke yin teburin kwamfuta da kabad da ita.
- Farin allon rubutu na makarantu masu sauƙin kuɗi.
- Wasu makunnan wuta da soket.
- Soson da ake jerawa a bangon situdiyo don rage amsa-kuwwa.

Soson melamin da wayarka

Kamfanin BASF na Jamus yana yin wannan soso da sunan Basotect, a Amurka kuma an fi saninsa da Magic Eraser. Yana da laushi a hannu, amma zarurrukan cikinsa suna da tauri ƙwarai, don haka aikin sanfefa mai laushi yake yi. Kankare datti yake, tare da ɗan saman abin da ake gogewa.

Sikirin ɗin wayar zamani yana da wani siririn shafi a samansa mai hana maiƙon hannu mannewa, shi ke sa yatsa ya riƙa sulɓi. Soson melamin yana cinye wannan shafin. Sai ka ga sikirin yana kama shatin yatsa nan da nan, kuma goge shi ba zai maido da shafin ba. Haka yake dusar da gilashin kyamara, da sikirin ɗin laftof, da bayan waya mai sheƙi. Ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau ya ishe ka. Kamfanin Apple ma ya amince a goge iPhone a hankali da ƙyalle mai sinadarin aisofurofil na kashi 70.

Farantin melamin da abinci mai zafi

Cin abinci a farantin melamin ba laifi ba ne, dafawa a cikinsa ce matsala. Idan zafi ya wuce digiri 70, musamman da abinci mai tsami kamar miyar tumatir, melamin da fomaldehaid suna ƙara tsatsowa cikin abincin. Hukumar FDA ta Amurka ta ce kada a ɗumama abinci a cikinsa a maikurowef. Ka duba ƙasan farantin, sau da yawa za ka ga sunan melamin ko haruffan MF. Wanda ya tsage ko ya ƙoƙe, a daina zuba abinci a ciki.

Abin da ya faru a Chana a 2008

Gwajin da aka saba yi wa madara naitirojin yake aunawa, daga nan a lissafa yawan furotin. Wasu 'yan kasuwa a Chana suka riƙa tsarma madara da ruwa, su zuba garin melamin don wancan kashi 66 ya yaudari gwajin. Madarar jarirai ta kamfanin Sanlu ce ta fi gurɓata. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, galibi tsakuwar ƙoda, sama da 50,000 aka kwantar a asibiti, shida suka rasu. A 2009 aka zartar wa mutum biyu hukuncin kisa. Bayan haka, a 2010, hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙayyade cewa melamin kada ya wuce miligiram 1 a kowane kilo na garin madarar jarirai.

Ka ga ke nan cin garin da cin abinci a farantinsa ba ɗaya ba ne. A faranti ya riga ya ɗaure cikin roba, abin da ke fitowa kaɗan ne muddin ba a gasa shi ba. Saboda haka ka kiyaye abu biyu: farantin melamin ba ya shiga maikurowef, sosonsa kuma ka bar shi ga bango da tayil da takalmi, kada ya kusanci sikirin. Sai mun haɗu a darasi na gaba.