Darasi Daga Tantin Rufaida: Jinyar Wanda Aka Yi Wa Aikin Jijiya



A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu (RA) a babbar jijiyar hannu, wadda Larabawa ke kira akhal. Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida Al-Aslamiyya cikin masallaci, don ya riƙa duba shi daga kusa. Rufaida ta san aikin rauni. Abin lura a nan shi ne an haɗa tausayi da sanin aiki.

Na kawo wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ake yi wa tiyatar kumbararrun jijiyoyin ƙafa. Za a sallamo mutum daga asibiti a Gusau, a koma da shi Tsafe ko Bungudu, jinya ta dawo hannun iyali. To a nan tausayi marar ilimi ke yin ɓarna.

Na farko, kada ku ce "Baba kwanta, kada ka motsa." Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar cikin ƙafa, kuma gudan jinin nan kan tafi huhu ya yi kisa. Ku riƙe hannunsa ya ɗan taka a tsakar gida yadda likita ya faɗa. In ya zauna, a ɗora ƙafar kan matashi. Safar matsi ko bandejin da aka sa masa, ba a cirewa don ya ce ya dame shi, sai an tambayi ma'aikacin jinya.

Na biyu, in ƙafa ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti nan take. In jini ya ɓalle, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga ƙafar, a nemi mota. A yi addu'a ana tafiya.

Na uku, sallarsa. Kada a kwance bandeji don alwala. Ya shafa a kai, ya isar masa. In tsayuwa ta gagara, ya yi a zaune, ƙafa a miƙe. Ku gaya masa wannan, don da yawa kunyar tambaya suke ji.

Masu dubiya, ku taƙaita zama, ku bar labarin wane da aka yanke wa ƙafa.

Ke ma'aikaciyar jinya, kai ma'aikacin jinya, na san aiki ya muku yawa. Amma "sannu Baba" kafin a taɓa ciwo ba ta cin minti ɗaya, kuma aikin Rufaida kuke yi. Ku gyara niyya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.