Abincin da Na'ura ke Bugawa da Ƙwayoyi Masu Amfani: Darasi ga Masu Juna Biyu

A wajen awo wata uwargida ta nuna mini bidiyo a wayarta, na'ura na fitar da abinci hawa-hawa, wai har da magani a ciki. Ta ce, "Sista, in aka samu wannan, ai mun huta da jan magani ko?" Tukuna dai, uwargida.

Na'urar gaskiya ce. Ana zuba mata kwaɓin abinci, kwamfuta ta ba ta siffa, ita kuma ta riƙa matso shi ta ƙaramin baki, kamar yadda mai zanen lalle ke matso lalle daga leda. Amfaninta shi ne a auna wa kowa abin da jikinsa ke buƙata. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya, wanda shi ne ƙwayar magani ta farko da na'ura ta buga da hukumar ta amince da ita.

Abin da masana ke ƙoƙarin sakawa a abincin shi ne furobayotik, wato ƙwayoyin bakteriya masu rai da ke taimaka wa hanji, irin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo. Sharaɗin kuwa su isa ciki da ransu, kuma da yawa. A nan gizo ke saƙa. A wani bincike da aka wallafa a 2020, masana a ƙasar Sin sun saka su cikin dankalin Turawa da aka dama. Da aka bar kwaɓin a zafin digiri 55 na minti 45, da yawansu sun mutu. Ƙanƙantar bakin na'urar ma ta rage su. Shi ya sa aikin ya fi yawa a ɗakunan bincike.

Ko da na kwalba ne, kada mai ciki ta saya don kanta. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2021 bai tabbatar suna hana ciwon sukari na goyon ciki ba, sai ma aka ga hawan jinin ciki, mai iya kaiwa ga jijjiga, ya fi yawa a cikin matan da suka sha. A tambayi likita tukuna. Jan maganin ƙarin jini da folik asid kuwa a ci gaba da sha kullum. Furobayotik ba ya maye gurbinsu.

Kindirmo yana da kyau ga mai ciki, matuƙar an tafasa madarar kafin a ɗaura ta. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da ƙwayoyin da ke jawo ɓari. Maigida, in za ka sayo, ka tambayi mai nono ko ta dafa madarar. A dama fura da tafasasshen ruwan da ya huce, a kuma rufe ƙwarya saboda ƙudaje.