Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Manufar bita ita ce tantance abin da magabata suka rubuta, domin gano giɓin da suka bari. Alal misali, ɗalibin da ke nazarin kalmomin sana'ar su a Baturiya, cikin fadamar kogin Haɗeja, zai fara da ƙamusun Bargery na 1934, sannan kundaye da maƙalu. Wajibi ne ya lura da shekarar kowane aiki, domin madatsun ruwa na Tiga (1974) da Calawa (1992) sun rage malalar ruwan da masunta suka dogara da ita. Don haka, kalmar da aka taskace a da tana iya gushewa daga bakinsu. Gano irin wannan giɓi shi ne hujjar ci gaba da bincike.