Hayaƙin Salansa A Cikin Tsohuwar Mota

Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, ba mu da motar kanmu, amma babu wanda ba ya shiga ta haya, ko zuwa Jos, ko Gombe, ko ƙauyen da aka tura shi gwajin koyarwa. Waɗanda Allah ya hore wa tasu kuwa, galibi tsohuwa ce. Don haka na ga ya kamata in yi mana bayanin wata cuta ta tsofaffin motoci wadda a ke rainawa, watau shigowar hayaƙin salansa wurin da mutane ke zaune.

Mu fara da abin da mu ke koya wa yara a darasin kimiyya. In abu ya ƙone da isasshiyar iska, iskar da ya ke fitarwa ba ta da haɗari ƙwarai. In kuwa iska ta gaza, sai ya fid da wata mai dafi da a ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum ya fi kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar oksijin sau fiye da 200, saboda haka ko kaɗan ce sai ta yi ta taruwa a jini. In ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki, cikin 'yan mintoci ta ke kisa, hayaƙin tsohuwar mota mai kafireta kuwa ya kan ɗauki fiye da haka. Ita ce dai ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

Tun 1975 aka fara sa wa motocin Amurka wata tukunya a jikin salansa mai ƙone mafi yawan dafin nan, wadda makanikanmu ke kira indomi. Tsofaffin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba su da ita, motocin tokumbo da yawa kuma an cire musu an sayar.

Alamunta a jiki su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Mu nan da mun ji haka sai mu ce zazzaɓin sauro ne. To, ga yadda za ka bambanta: babu zafin jiki, mutum biyu ko uku a motar sun kamu tare, da an sauka an sha iska kuma sai abin ya lafa. Direban da barci ke fizga kullum kafin ya kai Alkaleri, alhali ya kwana lafiya, motarsa ya kamata a tuhuma.

Kafin ka taɓa kome, ka san warin da ka ke ji. Warin ɗanyen fetur daban, na baƙin mai da ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi daban. Na salansa shi ne mai yaji a ido da maƙogwaro. Sa'an nan ka riƙe wannan: hayaƙi ba ya iske fasinja sai ya sami hanyar shiga, sau da yawa kuma ɓarna biyu ce ta haɗu, wurin da ya ke tsiyaya da wurin da ya ke shigowa. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

Tambayar da na ke fara yi wa mai mota ita ce, yaushe warin ke zuwa? In mota na tsaye ne, misali cikin cunkoson Wunti, ya kuma ƙaru da an kunna fanka, to, ɓarnar gaba ta ke, inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji, don fanka daga gindin gilashin gaba ta ke jawo iska. Ta da injin da sassafe yana sanyi, a fili ba cikin gareji ba, ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da ke raguwa yayin da ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, akwai tsaga ko gaskit ya ƙone. Nemi baƙin kunkunniya a bakin mahaɗa. Sa wani ya danne bakin salansa da tsumma mai kauri na 'yan daƙiƙoƙi kawai, sai hujin ya yi tsaki ya tona kansa. Ruwan sabulu ma in an shafa kafin ƙarfe ya yi zafi, kumfa za ta nuna wurin. Kada dai kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In kuwa sai ana gudu warin ke zuwa, baya za ka duba, nan ne kuma mutane suka fi ruɗewa. Mota in tana gudu, iskar bayanta ta kan yi juyi ta biyo ta, kamar yadda ƙurar hanya ke lulluɓe gilashin baya. Hayaƙin ma haka ya ke yi, ko da salansa lafiyarta lau. Direba ya ji wari ya ɗan sauke gilashinsa, sai iskar da ke wucewa ta zuƙe ta cikin mota, ta but ta shigo ta maye gurbinta da hayaƙinta. Watau maganin ya zama ƙarin cuta. Shi ya sa ni ba na son zaman kujerar baya a motar da aka cika da kaya a tashar Muda Lawal har but ya ƙi rufuwa aka ɗaure shi da igiya. A nan kuwa aka fi zuba yara, su ne kuma dafin ya fi saurin kayarwa.

Gwajin baya ba wuya. Sa takarda a bakin but ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ta mutu a wurin. Bi kewaye duka haka. Da dare ajiye tocila a kunne cikin but, ka kewaya ka leƙa ƙasa, duk inda haske ya fito hayaƙi zai shiga. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka nemi hujin tsatsa, da robar gindin giya, da ƙananan robobin da wayoyi ke bi. Ka kuma duba ko mai walda ya gajarta bakin salansa har ya tsaya ƙarƙashin mota, don dole ne ya leƙo waje.

Bayan gyara kada a amince da hanci, tun da dafin ba ya wari. Akwai ƙaramin na'ura mai batir da ke kuka in ya ji shi, a sa shi a yi tafiyar gwaji, musamman da hunturu sa'ad da a ke rufe gilasai duka.

In wani ya galabaita a hanya, a tsaya, a kashe inji, a fid da kowa waje. Madara da manja da a ke ɗura wa mutum ba sa fid da dafin daga jini, mai suma kuma yana iya shaƙewa da su. Oksijin ya ke bukata, sai a nufi asibiti mafi kusa da shi cikin wata motar, a gaya wa likita hayaƙin salansa a ke zato.