Kafin Ka Kafa Wa Tsohuwarka Ƙarfen Dafawa

Ɗana, na ji daɗi da labarin ya iso ni cewa za ka sa ƙarfen dafawa a matakalar ƙofar gida. Allah Ya yi maka albarka. Mu a nan Chinade mun saba ɗaga daɓen ƙofa saboda ruwan damina, sai dai matakala ukun da yaro ke tsallakewa a guje, tsoho da lissafi yake hawansu, balle da asuba, ƙafa da danshin alwala.

Amma ka sani, ƙarfen da ke girgiɗi ya fi rashinsa haɗari. In babu, tsohuwa za ta lallaɓa ta dafa bango. In akwai, za ta sakar masa nauyinta gaba ɗaya, don ta amince da shi.

Saboda haka kada ka yarda a huda bulo kawai a ɗaura noti a ce an gama. Bulonmu na siminti cikinsa kogo ne, ɓawon nan ba ya riƙe komai. Simintin da ke tsakanin bulo da bulo kuwa ya fi shi saurin marmashewa. In an huda dab da gefe, ranar da aka jingina da ƙarfi, ɓarin bulon zai ɓalle har da notin. Abin da ya fi shi ne a haƙa rami a ƙasa, gefen matakalar, zurfin kamar ƙafa biyu, a dasa ƙarfen a ciki. Mai walda ya liƙa masa guntun rodi a gicciye daga gindi don kada ya juya. Sannan a zuba kankare: kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. In dole sai a kan matakalar zai zauna, to birkila ya fara cike kogon bulon da kankare tukuna.

Sai haƙuri. A riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma har mako guda, a kuma hana yara lilo a kai.

In ka shiga Azare sayen bututu, ɗaga shi ka ji nauyinsa; araha ba ta ado. Ɗauki mai kaurin inci ɗaya da rabi, wanda hannu ke iya dunƙulewa. Tsayinsa daga saman matakala kuwa kimanin ƙafa uku ne, amma ni da zan so ka kira ita mai gayyar ta tsaya, a gwada da hannunta. A toshe bakin bututun, domin ruwan da ya shige ciki ta gindi yake cin ƙarfe. Bayan jan fentin tsatsa, a bi da fari, ko ba komai ranar Afrilu ba za ta hana ta taɓa shi ba.

Bayan makon ya cika, kafin ka sallami masu aiki, kai da kanka ka jijjiga ƙarfen da iya ƙarfinka. In ya motsa ko kaɗan, a sake.