Darasin Wasanni: Yadda Alƙalin Ƙwallon Kwando Yake Magana Da Hannu

Ƙwallon kwando wasa ne da ake yi da hannu. Wani malami mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a ƙasar Amurka a shekarar 1891. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 5. Ana yin zango 4, kowane zango minti 10. A Kano wasan ya karɓu ƙwarai. Ƙungiyar Kano Pillars ta ci kofin ƙasa sau da dama, har da na shekarar 2017.

Me ya sa ake magana da hannu?

Idan wasa ya yi zafi, ihun 'yan kallo yakan danne muryar alƙali. Ga kuma bambancin harshe. A Fagge da Sabon Gari, sai a ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe a fili ɗaya. Saboda haka hukumar wasan ta duniya, wato FIBA, wadda aka kafa a 1932, ta tsara alamomi na hannu. Alamar da ake yi a Kano ita ake yi a Masar da Faransa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Alamu biyu na farko

Da alƙali ya busa usur, sai ya ɗaga hannu ɗaya sama, a tsayar da agogo. A nan mai kallo zai lura da tafin hannun.

Idan tafin a buɗe yake, an saɓa ƙa'idar tafiya da ƙwallo ne, ko kuma ƙwallon ya fita. Ba a rubuta wa kowa laifi. Sai dai a miƙa ƙwallo ga ɗaya ɓangaren.

Idan hannun a dunƙule yake, an yi keta ke nan. Wannan laifi ne da za a rubuta da sunan ɗan wasa.

Wasu alamomin

Juya dunƙulallun hannuwa a gaban ƙirji: ɗan wasa ya yi tafiya riƙe da ƙwallo bai buga shi a ƙasa ba.
Hannu biyu a kan ƙugu: ya tare wa abokin hamayya hanya ba bisa ƙa'ida ba.
Kama wuyan hannu a ja ƙasa: ya riƙe mutum.
Miƙa tafuka gaba: ya yi turi.
Gicciye hannuwa a ƙirji: za a canja ɗan wasa.
Yatsu 3 a kowane hannu, an ɗaga sama: an ci maki 3.
Hannu biyu a dunƙule a sama: an kori ɗan wasa daga fili.

Kai rahoto ga tebur

A gefen fili akwai tebur. Nan marubuci da mai kula da agogo suke zama. Idan an yi keta, alƙali yakan matso inda marubuci zai gan shi sosai. Sai ya tsaya cak, ba ya yin alama yana tafiya. Daga nan ya nuna abu uku a jere:

1. Lambar rigar wanda ya yi laifin.
2. Irin laifin da ya yi.
3. Hukunci. Ko dai yawan jifan kyauta, ko kuma ɓangaren da ƙwallo zai nufa.

Lamba 1 zuwa 5 da yatsun hannun dama ake nunawa. Lamba 7 kuwa, yatsu 5 a dama, 2 a hagu. Dunƙulen hannun dama yana nufin 10. Ke nan lamba 13 ita ce dunƙule a dama, yatsu 3 a hagu. A da lambobin riga daga 4 zuwa 15 ne kawai. Tun 2014 aka yarda da 0 da 00 da kuma 1 zuwa 99.

Haɗarin kuskure

Ɗan wasan da ya tara laifi 5 dole ya bar fili, ba zai dawo ba. Idan alƙali ya yi gaggawa, marubuci ya ɗauki 13 a matsayin 8, to an ɗora wa wani laifin da bai ji ba bai gani ba. Ana iya fitar da gwanin ƙungiya a banza. Daga nan sai gardama, wani lokaci har da doke-doke. Don haka alƙali nagari yakan yi alama a hankali, a daidai fuskarsa. Shi kuma marubuci ba ya sa biro a takarda sai ya gani da kyau.

Alamar hannu kamar baƙaƙen rubutu take. Wanda ya koya zai karanta wasa da kansa, ba mai ruɗa shi. Wanda bai koya ba, sai ya yi ta zargin alƙali da son kai.

Aikin aji

1. Mene ne bambancin buɗaɗɗen tafi da dunƙulen hannu?
2. Waɗanne abubuwa uku alƙali yake nuna wa marubuci?
3. Ɗalibi ɗaya ya tashi ya nuna lamba 4 da 9 da 12 da hannu, sauran su rubuta a littafinsu.